Katalis daga tokar ɓuntun shinkafa: yana aiki sau ɗaya, sai ya mutu

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema kan wani katalis, wato gari mai hanzarta sauyin sinadarai, da nake haɗawa don rage asid ɗin da ke cikin tsohon man suya kafin a mayar da shi bayodizil, wato dizil na man tsirrai. Daga wurin masu tuyar ƙosai da dankali ake tattaro man, kuma asid ɗinsa yana kaiwa miligiram 20 na KOH a kowane giram, shi ya sa da an zuba masa soda sai ya koma sabulu. Abin da nake so in samu shi ne kaya mai ƙananan ramuka, jikinsa silika, bangon ramukan kuma ɗauke da asid ɗin salfonik. Wato irin kayan nan 'yan ruwa biyu, rabi ma'adini, rabi sinadarin kabon.

Ga yadda na yi. Na wanke ɓuntun shinkafa da ruwa, na shanya, na ƙona a digiri 800 na Selshiyas tsawon awa 4. Tokar ba ta yi fari ba, ta fito da duhu-duhu. Na dafa giram 10 a ruwan soda, wato NaOH, na tace, saura mai yawa ya zauna a kan takardar tacewa. Na zuba ruwan a cikin CTAB, sabulun da ke zama samfurin ramukan, na sauke pH zuwa 10.5, na ɗiga MPTMS, sinadarin da jelarsa za ta koma salfonik, a tukunya ɗaya, na bari a digiri 100 na awa 24. Da na tace na busar, sai na ƙona a digiri 550 na awa 6 don CTAB ya fita. Daga nan na jiƙa a H2O2 mai kashi 30 cikin 100 na kwana ɗaya don jelar ta koma salfonik, sannan a asid ɗin H2SO4 mai ƙarfin mola 1, na tace, na ɗauraye sau ɗaya, na busar.

A zagaye na farko na amfani da garin, asid ɗin man ya sauka ƙasa da 3 cikin awa 3. A na biyu ko rabin haka bai yi ba. A na uku kamar ban sa komai ba. Awon XRD, mai nuna tsarin ƙwayoyin gari, daga kusurwar digiri 10 zuwa 80 ya nuna tozo mai faɗi wajen 22, a tokar kuma akwai ɗan tsini a kan tozon. Faɗin BET, wato faɗin fuskar garin har da cikin ramuka, bai kai murabba'in mita 300 a giram ba, alhali an ce MCM-41, irin silika mai ramuka da nake son samu, yana kaiwa 1000. A ina na kauce? Allah ya saka da alheri.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka jero matakan yadda suke, domin babban kuskuren a fili yake: ka sa MPTMS, sannan ka ƙona a 550. Jelar MPTMS kabon uku ce da farar wuta a ƙarshenta, kuma tana fara wargajewa tun wajen digiri 350. Ko da an riga an mayar da ita salfonik, ba ta wuce 450 da yawa. Wutar da ta cinye CTAB ita ce ta cinye jelar. Abin da ya fito daga tanderu silika ce tsura, kuma H2O2 ɗin da ka jiƙa ta a ciki bai tarar da abin da zai canza ba.

To me ya yi aikin zagaye na farko? H2SO4 ɗin da ka ɗauraye sau ɗaya. Yi lissafin da kanka. Giram ɗaya na silika mai ramuka yana iya riƙe kusan mililita 0.8 na ruwa. Idan ruwan nan mola 1 ne, milimol 0.8 ke nan na H2SO4, wato milimol 1.6 na H+, ban da wanda ya maƙale tsakanin ƙwayoyin garin. Ruwan ya bushe, asid ɗin ya zauna. Wannan adadi ya fi abin da katalis na gaskiya irin wannan kan ɗauka. Metanol ɗin da ake haɗa man da shi ya wanke shi a zagayen farko ya yi maka aikin, kuma ya tafi tare da man.

Kafin ka sake haɗa komai, tabbatar da wannan da gwaji biyu masu arha. Na farko, jiƙa ɗan garin da ba ka yi amfani da shi ba a ruwa mai tsabta, ka tace, ka ɗiga ruwan BaCl2. In ya yi fari kamar an zuba nono, salfet ne ke yawo. Na biyu, tacewa da zafi: fara aikin kamar kullum, in asid ya sauka da kamar kashi ɗaya cikin uku ka tace garin tun ruwan na da zafi, ka mayar da ruwan kan wuta ba tare da gari ba. In asid ya ci gaba da sauka, katalis ɗinka ya narke a ruwan. Duk mai aiki da katalis na gari ya kamata ya saka wannan gwaji a rahotonsa, kuma da yawa ba sa yi.

Hanya biyu ce ta gyara. Ko dai ka ci gaba da haɗa su a tukunya ɗaya amma ka daina ƙonawa, ka cire CTAB da wanki: giram 1 na gari, mililita 100 na etanol, mililita 1 zuwa 2 na HCl mai ƙarfi, a dafa ƙarƙashin kwandensa, na'urar mayar da tururi ruwa, awa 6, a maimaita sau biyu ko uku. A wannan hanya kada MPTMS ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan silikon, in ya wuce ramukan kan rasa tsari. Ko kuma ka ƙona silikar tukuna, sannan ka manna jelar daga baya. Tunda silikarka daga toka take, hanya ta biyu nake ba ka shawara, domin kana iya auna kowane mataki shi kaɗai ka san inda abu ya lalace.

Ga yadda ake mannawa. Busar da giram 1 na ƙonanniyar silika a digiri 150 na awa 3 zuwa 4, ta huce a cikin desiketa, kwalbar da ke hana laima shiga. Zuba ta a mililita 30 na busasshen toluwin, ƙara mililita 1 na MPTMS, a dafa a digiri 110 ƙarƙashin kwandensa awa 24, da bututun CaCl2 a saman kwandensar don kada laima ta shiga. Wannan batu na laima ba ƙarami ba ne, musamman daga Yuni zuwa Satumba a nan Kaduna. In ruwa ya yi yawa, ƙwayoyin MPTMS kan kama junansu maimakon su kama bango, su taru su toshe bakin ramuka. Za ka ga farar wuta da yawa a awo, amma aiki babu. Bayan haka wanke da toluwin, sannan etanol sau da yawa, ka busar a 80. Sai H2O2 mai kashi 30, kamar mililita 20 ga giram ɗaya, a zafin ɗaki awa 24, kada ka ɗora a wuta. Asid na ƙarshe mola 0.1 ya isa, awa 2, kuma ka yi ta wankewa har BaCl2 ya daina nuna fari. MPTMS yana da wari mai tsanani, toluwin kuma yana kama wuta, saboda haka a akwatin zuƙe hayaƙi za ka yi duk wannan.

Sannan ka auna abin da ka samu. Giram 0.10 a mililita 20 na NaCl mai mola 2, a juya kwana ɗaya, a tace, a ɗiga NaOH mai mola 0.01 har fenolftalin ya canza launi. In ya ci mililita 10, kana da milimol 1.0 a giram. Ta hanyar mannawa, tsakanin 0.5 da 1 shi ne abin da aka saba gani. Kwatanta wannan da yawan farar wuta daga awon CHNS ko XRF, masu nuna sinadaran da ke cikin samfuri. In farar wutar ta ninka asid ɗin, to H2O2 bai gama aikinsa ba, wasu jelolin sun haɗu biyu-biyu ta kan farar wutarsu.

Baban Lab, Tudun Wada:

Abin da Malama ta faɗa haka yake, ba ni da ƙari a kansa. Ni tokar zan taɓa, domin ko da jelar ta tsira, 300 ɗin nan yana nuna ramukan ma ba su ginu ba.

Ɓuntu yana ɗauke da fotasiyam, kuma ruwa kaɗai ba ya fitar da shi duka. In aka kai shi 800 da fotasiyam a jiki, fuskar ƙwayoyin tokar takan ɗan narke ta rufe gawayi a ciki, shi ne duhun da ka gani. Kuma fotasiyam ɗin yana ingiza silika ta daskare ta koma kiristobalait. Ɗan tsinin da ke kan tozon a wajen 22 shi ne shaidarsa. Kiristobalait ba ya narkewa da sauƙi a soda, shi ya sa saura ya cika maka takarda. Ka lissafa CTAB bisa giram 10, alhali abin da ya shiga ruwa bai kai haka ba, sai ma'auni ya karkace tun daga tushe.

Yi haka. Dafa wankakken ɓuntu a HCl mai mola 1, digiri 80 zuwa 90, awa 2, kamar lita 1 ga giram 100. Wanke har pH ya dawo kusa da 7, busar a 105, ƙona a 600 zuwa 650 na awa 4, a shimfiɗe ba a tule ba, don iska ta ratsa. Tokar za ta fito fara tas, kuma giram 100 na ɓuntu kan ba da giram 15 zuwa 20. Narkar da giram 10 a mililita 100 na NaOH mai mola 2, digiri 90, awa 2, a cikin kwalbar roba mai jure zafi. Soda mai zafi tana cin gilashi, sai ta ƙara maka silikar da ba ka lissafa da ita ba. Busar da sauran da ya zauna a takarda ka auna shi ka debe, ta haka za ka san ainihin silikar da ke ruwanka.

Aikin CTAB kamar na masu zubin tukunya ne a Panteka. Suna danna samfuri a cikin ƙasa, su zare shi, gurbinsa ya zauna. CTAB sabulu ne da ƙwayoyinsa ke taruwa su zama dogayen sanduna, silika ta ginu a kewayensu, in aka cire sandunan sai a sami ramuka a jere kamar saƙar zuma. Masana kamfanin Mobil ne suka fito da wannan a 1992. Ga giram 6 na silika, wato mol 0.1, sa giram 7.3 na CTAB da ruwa kamar mililita 200 gaba ɗaya. Ɗumama ruwan zuwa digiri 35 ko 40 har ya yi garau kafin ka ɗiga silikar, domin CTAB kan koma ƙanƙara-ƙanƙara ƙasa da digiri 25, kuma da safiyar hunturu lab yana yin sanyi fiye da haka. Sauke pH a hankali, ɗigo-ɗigo, kana juyawa da ƙarfi. In ka kwarara asid, wurin da ya faɗa zai daskare kamar kamu kafin sandunan su jeru.

Awa 24 ta yi kaɗan. Yayin da silika ke haɗuwa tana sakin OH, sai pH ya sake hawa. Bayan kwana ɗaya fito da kwalbar, bari ta huce, mayar da pH zuwa 10 ko 10.5 da asetik asid, ka mayar. Yi haka sau biyu, jimla kwana 3. A wannan mataki ɗaukewar wuta ba ta ɓata komai, ka ƙara awannin da aka rasa kawai. Inda take ɓatawa shi ne wajen ƙonawa. Wanke garin sosai tukuna, domin sodiyam da ya rage yana rusa bango a zafi. Tanderu ya hau da digiri 1 a minti har 550, kusan awa 9 ke nan, sannan ya tsaya awa 6. Bangon MCM-41 kaurinsa nanomita 1 ne kacal, in aka jefa shi a tanderu mai zafi, CTAB kan kama da wuta lokaci guda, tururi ya fasa shi. Nemi ranar da za a bar janareto awa 15. In wuta ta yanke a tsakiya garin ya fito ruwan ƙasa, sake farawa daga ƙasa.

Batun XRD kuma, ba a duba inda ya kamata ba. Bangon ba shi da tsari, shi ya sa tozon 22 yake nan ko kayan ya yi kyau ko bai yi ba. Tsarin yana cikin jerin ramukan, kuma alamarsa tana ƙasa: babban tsini tsakanin digiri 2.2 da 2.5, da ƙanana biyu tsakanin 3.8 da 5. Ka ce wa mai na'ura ya fara daga 1.5 zuwa 10, a hankali. Tsini a 2.3 yana nufin tazarar layi nanomita 3.8, tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi kuma 4.4. A BET ka tambayi zafin da aka busar da samfurin kafin awo: silika tsura 200 zuwa 300, mai jela kada ta wuce 120. Kuma a ɗauki maki tsakanin 0.05 da 0.2 na matsin naitirojin, domin a MCM-41 ramukan kan fara cika tun wajen 0.25, in aka haɗa da makin sama lissafin ya gurɓace.

In da zan zaɓa maka, SBA-15 zan ce, wata irin silikar mai ramuka. An fito da shi a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Babara a 1998, ramukansa kan kai nanomita 6 zuwa 9 a haɗin da aka saba, bangonsa kuma nanomita 3 zuwa 6, don haka ya fi jure ruwa da zafi. Jelar salfonik tana cin kusan rabin nanomita a kowane gefe, a ramin nanomita 3 kuwa wannan ba kaɗan ba ne ga asid ɗin mai, wanda tsawonsa ya kusa nanomita 2. Matsalar kawai samun P123, sinadarin da ke yin aikin CTAB a nan, da tsadarsa. In ka same shi, ka tuna a cikin asid ake yin sa, kuma silikar ake ɗigawa cikin asid ɗin. In ka juya, ruwan zai bi ta pH 5 zuwa 8 ya daskare nan take.

Injiniya Kakuri:

Malamai sun gama da garin. Saura man, domin ko ka haɗa katalis mai kyau, man ƙosai zai iya kashe shi a zagaye biyu, ka ɗauka ko haɗin ne bai yi ba.

Man suya yana ɗauke da gishiri da ɗanɗanon girki, wani lokaci har da kanwa. Sodiyam da fotasiyam ɗin da ke ciki suna musanya da H+ na salfonik, daidai yadda ake yi da gangan a awon da Malama ta bayyana. Giram 2 na katalis mai milimol 1 a giram, milimol 2 ke nan gaba ɗaya. Miligiram 117 na gishiri sun isa su kai wannan adadi. Don haka tace man da zafi, wanke shi da ruwan ɗumi sau biyu ko uku a mazurarin rabewa, sannan ɗora shi a digiri 105 zuwa 110 kana juyawa har kumfar ruwa ta daina tashi.

Sai metanol. Da yawa suna lissafa shi bisa man gaba ɗaya, su ɗauki 6 ga 1 da ake amfani da shi a matakin soda. A matakin asid bisa asid ɗin ake lissafi. Giram 100 na mai mai lambar asid 20 yana da mol 0.036 na asid. A ma'aunin 20 ga 1 kana buƙatar kamar giram 23 na metanol, wato mililita 29. Wannan sauyi mai komawa baya ne, kowace ƙwayar asid da ta juya tana haifar da ƙwayar ruwa ɗaya, kusan giram 0.64 a wannan misali. Ƙaramin abu ne a ido, amma silika tana son ruwa, sai ya taru a cikin ramuka ya kewaye salfonik ɗin, mai kuwa ba ya son shiga inda ruwa yake. Shi ya sa aikin kan yi sauri a awa ta farko sannan ya tsaya cak. Maganinsa a yi mataki biyu: tsaya, raba metanol mai ruwa, zuba sabo. Wasu kuma suna manna jelar metil ko oktil tare da ta salfonik don bangon ya riƙa korar ruwa.

Busar da metanol ɗinka da ƙwayoyin ziyolait 3A masu tsotse ruwa, waɗanda aka gasa a 300, amma kada ka zuba su a tukunya ɗaya da katalis. 3A fotasiyam ne a cikinsa, zai yi maka irin ɓarnar gishiri. Zafi ya tsaya 60 zuwa 64, tunda metanol yana tafasa a 64.7, kuma ruwan kwandensa ya zama mai sanyi. Ruwan tankin da rana ta gasa a watan Maris ba ya kama tururin metanol, sai ya gudu ba ka sani ba, ga shi guba ne mai makantarwa. Sa ƙanƙara a bokiti da ƙaramin famfo. Juyawa kuma ta yi ƙarfi, domin mai da metanol ba sa haɗuwa. Gwada gudu biyu daban, in sakamako ya canza, to juyawar ce ke riƙe aikin.

Wajen awo, fitar da metanol daga samfurin kafin ka auna nauyinsa, in ba haka ba ya tsinka man, lambar ta sauka ba don katalis ba. Lambar asid ita ce mililitar KOH sau molarta sau 56.1, a raba da giram na mai. Burinka ƙasa da 2 kafin ka shiga matakin soda. Tsakanin zagaye da zagaye wanke garin da heksan don mai ya fita, sannan metanol, busar a 100, ka auna nauyinsa, ka rage man zagaye na gaba daidai da abin da ya ɓace a tacewa. Sake auna H+. In ya sauka amma farar wuta tana nan, wanki da HCl mai mola 0.1 zai dawo da shi. In farar wutar ce ta ragu, jela ta tsinke, wanki ba zai yi komai ba.

Ɗan Kawo:

Allah ya ƙara ilimi, na gode ƙwarai. Na ɗiga BaCl2 yau, ya yi fari nan take, maganar Malama ta tabbata. Tambaya ɗaya ta rage. Tunda aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta 2025 kan kayan MOF, ana ta cewa in koma can, wai ana iya yin ɗaya daga cikinsu, UiO-66, daga gorar ruwa ta roba. Shin ya fi mini in bar silika?

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Kada ka bari, ƙanena. Amma tambayar tana da kyau, kuma maganar gorar gaskiya ce.

MOF ma ɗan ruwa biyu ne, sai dai shi ba a manna jela a bango. Gungun ƙarfe ne a matsayin kusurwa, ƙwayoyin kabon a matsayin sanduna, su haɗu su zama keji. UiO-66, wanda aka fito da shi a Jami'ar Oslo a 2008, kusurwarsa zakoniyam shida ne, sandarsa kuma tereftalik asid, shi ne kuma ɗaya daga cikin abubuwa biyu da aka yi robar gora, PET, da su. Gorar ruwa fara garau za ka nema, ka cire murfi da takarda domin su wata roba ce daban. Ledar fiya wata ba ta da amfani a nan, babu tereftalik a cikinta ko kaɗan. Yanka giram 10 ƙanana sosai, a dafa a haɗin etanol da ruwa mai ɗauke da NaOH, digiri 80, har robar ta ɓace. Lissafi yana neman giram 4.2 na NaOH, amma a sa fiye da haka. Tace, sauke pH zuwa 2, farin gari zai zauna. Iyakar abin da za ka iya samu giram 8.6 ne. Wanke shi sosai don gishiri ya fita.

Haɗin da ya fi sauƙi shi ne miligiram 125 na ZrCl4, gishirin zakoniyam, a mililita 5 na ruwan narkarwa DMF da mililita 1 na HCl mai ƙarfi, a haɗa da miligiram 123 na tereftalik a mililita 10 na DMF, a rufe a digiri 80 kwana ɗaya. ZrCl4 yana shan laima yana hayaƙi, wanda ya daɗe a buɗe ya dunƙule ba zai yi ba. DMF yana cutar da hanta kuma yana ratsa fata. Bayan haɗi sai an jiƙa garin a etanol kwana 3 ana canzawa kullum, sannan a busar a 120 zuwa 150, in ba haka ba kejin na cike da DMF. A XRD ka nemi tsini biyu a 7.4 da 8.5, nan ma wanda ya fara daga 10 ya wuce su.

Ga dalilin da ya sa na ce ka tsaya kan silika. Faɗin UiO-66 ya haura 1000, amma ƙofar kejinsa kamar nanomita 0.6 ce, ɗakunan ciki kuma 0.8 da 1.1. An nuna yana juya asid ɗin mai da metanol, rukunin Avelino Corma a Sifaniya sun buga hakan a 2015, sai dai ƙarfinsa yana dogara da guraben da sanda ta ɓace da kuma ƙanƙantar ƙwayoyin garin. A cikin man suya, inda mafi yawan abin da ke tukunyar manyan ƙwayoyin mai ne da ba sa iya shiga, yawancin wannan faɗi ba ya aiki. Haka ziyolait Y yake, wanda ake fasa ɗanyen mai da shi a matatu irin ta Kaduna, kuma masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi aiki a kan haɗa shi daga farar ƙasar Ƙanƙara: ƙofarsa nanomita 0.74 ce, ta dace da wancan aiki, ba ta dace da naka ba. Ƙari a kan haka, soda da fosfet suna rusa UiO-66, kuma haɗin da na ba ka bai kai rubu'in giram ba, kai kuwa giram 2 kake buƙata a kowane gwaji.

Inda zai amfane ka shi ne kwatanci. Gwada shi da silikarka a kan tsantsar oleyik asid, sannan a kan man ƙosai, da adadin mai da metanol iri ɗaya. Bambancin da ke tsakanin sakamakon biyu zai nuna tasirin girman rami, kuma wannan babi ne mai nauyi a kundinka. MOF-5 kam kada ka soma shi a nan, laimar damina tana rusa shi.

Baban Lab, Tudun Wada:

Na yarda da Malama. Abu ɗaya zan ƙara a kan kwatancin: haɗa da tukunya biyu na shaida, ɗaya babu gari ko kaɗan, ɗaya da ƙonanniyar silika marar jela. Kuma ka raba kowane haɗi ka ajiye rabin giram bayan ƙonawa, bayan mannawa, da bayan H2O2, kowanne a kwalba mai murfi a cikin desiketa, da kwanan wata a jiki. Kai su BET tare a rana ɗaya. Faɗin zai ragu bayan mannawa, wannan daidai ne. In ya faɗi warwas a nan, bakin ramuka ne ya toshe, ka rage MPTMS zuwa rabin mililita ka ƙara busar da toluwin. In kuma sai bayan H2O2 ya faɗi, bango ne ya ci ruwa, ka rage jiƙon zuwa awa 12 ka duba da sinadarin Ellman a nanomita 412 ko akwai sauran jelar da ba ta juya ba.